Ranar da Turame Suka Yi Shiru

Dum ɗin taɓarya ta ƙarshe shi ne abin da kunnena ya fi riƙewa daga tafiyar nan. Ya fito daga wani gida can bayan majami'a, shi kaɗai, ba wadda ta amsa masa, daga nan gari ya yi tsit. Tun da na dawo Kona ƙawayena ba su bar ni na huta ba. A bakin rijiya a tambaye ni, bayan sujada ran Lahadi a tambaye ni, har a kasuwar Tasawa wata ta riƙe mini bakin zane sai na faɗa mata ko da gaske ne ƙasa tana motsi a Najeriya. Kowa na ba shi guntu, guntayen kuma sun fara komowa wurina da ƙafafu da fukafukai. Shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, yadda ya faru.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun ƙasa da duwatsu, malaminmu ya kira ni biro, wato ofishinsa. Ya ce akwai wani gari a gindin duwatsu, kudu da Kaduna, inda ƙasa ta girgiza. Ba wanda ya rasa ransa, amma ɗakin haihuwar garin ya tsage daga sama har ƙasa, an rufe shi. Waɗanda za su gina sabo sun ce ba za su aza tubali ba sai an auna ƙasar wurin, an ga halin da za ta nuna idan girgiza ta sake zuwa. Fili biyu ake da su, ɗaya cikin gari, ɗaya a bakin kwalta, ƙetaren rafi. Idan ba a samu awon na cikin gari ba, a ƙetare za a gina. Rafin kuwa da damina ba ya barin ƙato ya wuce, balle mace mai naƙuda. Masu binciken can sun roƙi aron na'urarmu da mutum biyu. Aka zaɓi Malam Isufu, dattijon Mayahi mai kula da kayan aikinmu, aka zaɓe ni.

Da na zo gida neman izini, Baba yana gyaran ƙotar hauya. Ya ci gaba da aikinsa har na gama bayani. Can ya ce shi dai tun da aka haife shi ƙasar Kona ba ta taɓa motsawa ba sai in an sa mata ƙarfe, amma in akwai inda take motsi da kanta, ya kamata wani ya je ya ji abin da ke damunta. Inna ta shiga ɗaki ta ƙulla mini dakakken gero da ƙuli-ƙuli. Suka ɗora mini hannu a kai, Baba ya yi addu'a.

A tashar Tasawa muka haɗu da Malam Isufu, yana rungume da akwatin na'urar kamar mai riƙon jinjiri. Kafin mota ta cika samari sun kewaye mu. Sun yanke hukunci tun daga nesa cewa na'urar neman zinariya ce, irin wadda masu haƙa ke tafiya da ita Jado, can cikin hamada. Na yi ta bayani cewa motsin ƙasa take saurare, suna ta gyaɗa kai irin na wanda ya san ana ɓoye masa. Ɗaya ya matso ya ce a hankali, in mun dace kada mu manta shi ya ɗora mana kaya. Malam Isufu ya ce masa ya kwantar da hankali, tubalin farko nasa ne.

Gazawa, Agye, Cadawa, duk hanyar da na sani ce, gero an girbe, kara ya yi fari, rumbuna sun cika. Wani tsoho da ke kusa da ni ya ji zancenmu, ya ce ai abin ba ya bukatar na'ura. Duniya a kan ƙahon sa take, in ya gaji ya juya ta zuwa ɗayan ƙahon, shi ne girgizar. Na ce a lakwal, wato makaranta, an koya mana cewa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ne ke da tsaga, nauyi ya taru a kansu, wata rana su zame. Ya ce to, wa ke tura su? Ya ƙare da cewa in na iske san in gaishe shi, in ce masa mutanen Agye na roƙon ya daure.

Muka kwana a Maraɗi wurin gwaggota, da safe muka kama hanyar Ɗan Isa. Namu 'yan duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, ba su tsananta ba, sun duba takardu sun sallame mu. A ɓangaren Jibiya ne wani jami'i mai faɗin kafaɗa ya ga akwatin, ya ja da baya, ya ce a buɗe shi can nesa da rumfa. Da ya ga ƙarfe mai kama da tukunya da wayoyi, fuskarsa ta canza. Malam Isufu ya fara rantse-rantse, abin da ya ƙara ɓata lamarin. Ni kuwa na roƙe shi ya bar ni in nuna masa. Na ajiye na'urar a ƙasa, na jona ta da ordinatar, wato kwamfuta, wani siririn layi ya fito yana tafiya a allon. Na ce, ranka ya daɗe, ɗan taka ƙasa. Ya taka, layin ya yi tsalle. Ya ja baya ya sake takawa, ya sake tsalle. Sai ya kira abokan aikinsa. Kafin a jima manyan mutane masu kaki suna ta tsalle a gefen hanya, suna gardamar wanda ya fi nauyin ƙafa, direbanmu na can yana ta danna ham. Da zai sallame mu ya ce, 'yar Faranshi, ki je, amma in kin ji ƙasa za ta motsa a Jibiya ki fara sanar da ni. Sunan nan bai sake barina ba har na dawo.

Katsina gida ce, bakinsu bakinmu. Daga Kano ne na fara jin ni baƙuwa ce. In na nemi kabu-kabu sai a yi mini dariya a ce acaɓa nake nufi. A Zariya na sayi shinkafa da miya, yajin ya sa na yi hawaye a gaban jama'a, mai abincin ta ce ashe 'yan Nijar masu tausayi ne. Bayan Kaduna ƙasa ta fara tashi. Ni da na girma inda ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da komai ba, sai ga dutse a kan dutse, ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa na gudu a ƙarƙashin kowace gada bayan damina ta wuce. Kunnuwana suka toshe, na zaci ciwo ne, na fara addu'a a zuci. Matar da ke gefena ta ɓare ɗanyar citta ta miƙo mini, ta ce in tauna in haɗiye yawu, hawan dutse ne kawai.

Garin duk ƙanshin citta yake, an shanya ta a kan kowane fa. Shugaban aikin, wanda kowa ke kira Farfesa, ya tarbe mu, mutum ne marar yawan magana, takalminsa kullum da laka. Aka sauke Malam Isufu gidan limamin 'yan kasuwa, ni kuma gidan ungozomar garin, Mama Asabe. Gajeriya ce mai ƙarfin hannu, tana tafiya kamar wadda ake jira a wani wuri. Da na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, na tambayi gida da gajiya da yara da dabbobi, ta tsaya tana kallona. Ta ce su nan sannu ɗaya ta ishe su, amma in ci gaba, ta daɗe ba ta ji an tambayi lafiyar awakinta ba.

Suna da yarensu, Hausa ta kasuwa ce da majami'a. Aladu na yawo a lungu kamar yadda awaki ke yi a wurinmu. Da dare tuwon acca, fari, mai laushi, ba ya zama a ciki kamar na gero, da safe gwate mai ganye da yawa. Na dama musu fura da geron Inna, Mama Asabe ta sha ta ce yanzu ta gane dalilin da ya sa muke da tsawo. Ran Lahadi ta kai ni sujada. Mu da muke taruwa a ɗakin ƙasa, in wani bai zo ba kowa ya san bencin da ya rage, sai ga ni cikin jama'a har ba na ganin bango, mata da anko, ganguna da tulu da kacau-kacau. Amma da aka ɗauki waƙa, irin wadda Inna ke yi ce in tana tankaɗe. Na rera tare da su har ƙarshe.

Aikin farko shi ne shiga gida gida. Mu duba tsagar bango, mu tambayi mutane abin da suka ji ranar. Wata ta ce kwanoni ne suka fara magana a kan kanta. Wani ya ce ya zaci babbar mota ce ta shigo, ya fita bai ga komai ba sai kaji na gudu. Kowa kuma tambayarsa ɗaya, yaushe za ta sake. Farfesa ya hore mu kada mu yi wa kowa alkawari. Ranar girgiza ba mai saninta sai Allah. Abin da za mu iya sani shi ne wace ƙasa ce za ta fi jijjiga in ta zo. Ni da kunu da tuwo nake yi musu misali. Ka girgiza ƙwarya da kunu, ya fantsama. Ka girgiza ta da tuwon da ya kwana, ya tafi tare da ƙwaryar bai ɓare ba. Ƙasa mai laushi mai zurfi kunu ce, dutse tuwo ne. Na'urarmu tana sauraren ɗan motsin da ƙasa ke yi kullum, wanda ƙafa ba ta ji, daga nan mu gane kunu ke ƙarƙashi ko tuwo.

Filin ƙetare bai ba da wahala ba, Malam Isufu ya auna shi da rana tsaka, lokacin da motoci suka ɗauke. Na cikin gari aka ba ni, nan kuma na gane abin da tsallen Jibiya ya koya mini. Ranar farko gaisuwa ce ta kashe ni. A garin nan, kamar a namu, ba a barin baƙo zaune shi kaɗai a rana. Wannan ta kawo ruwa, wancan ya kawo kujera, wata ta zo da gyaɗa ta zauna tayin hira. Kowane taku ya hau allon. Ban iya korar kowa ba, na sha ruwan, na ci gyaɗar, na tashi da awon banza.

Kashegari Malam Isufu ya tsaya daga nesa yana karɓar gaisuwa a madadina. Ba wanda ya matso, amma layin bai kwanta ba. Yana ta tsalle a jere, kamar bugun zuciya. Na kasa kunne, sai na ji abin da tun zuwana nake ji ban lura ba, domin da shi na girma. Daka. Lokacin kakar acca ne, ga bukukuwa na tafe, acca kuwa ba ta rabuwa da ƙaiƙayinta da sauƙi. Turmi na tashi a wannan gida, na wancan ya karɓa, tun asuba har faɗuwar rana. Da dare ba halin aiki, Farfesa ya hana kowa fita bayan magariba saboda yanayin yankin, ga janareto ma na ruri. Kwanakinmu kuma sun kusa ƙarewa, bayan kasuwar garin za mu tashi.

Da yamma Mama Asabe ta tambaye ni yadda aka ƙare. Na faɗa mata gaskiya. Ta ajiye muciya, ta ba ni labarin wata yarinya da naƙuda ta kama da daminar da ta wuce, aka ɗauko ta a kan ƙofa zuwa bakin rafi, ruwa ya hana. A nan gindin bishiya ta karɓi haihuwar, ruwan sama na zuba a bayanta. Uwar ta rayu. Ba ta faɗi sauran ba, ni ma ban tambaya ba.

Farfesa ya je wurin sarkin garin, ya roƙi a tsayar da duk motsin gari na ɗan lokaci. Sarki ya ce babura zai tsayar, injin niƙa zai tsayar, yara malamansu za su riƙe su a aji, amma turmi ba na sarki ba ne. Ya ce wanda ke son turmi ya je wurin masu shi. Farfesa ya dube ni, na dubi ƙasa.

Ranar zumuntar mata Mama Asabe ta tsayar da ni a gabansu. Na yi musu bayanin kunu da tuwo, na ce abin da nake roƙo shi ne duk turamen gari su tsaya tare, da hantsi, kamar tsawon wa'azin fasto mai son magana. Na zaci za su yi dariya. Ba wadda ta yi. Suka dubi juna. Wata tsohuwa mai sanda, da suke kira Kaka, ta yi magana da yarensu, gajeriya, ta koma ta zauna. Na ɗauka dakan da zai taru musu ne damuwar, sai na ce ni ma ɗiyar manomi ce, in sun yarda gobe in yini ina taya su, a rage na jibi.

A nan ne dariyar ta zo. Wata ta kama hannuna ta juya shi, ta ce, wannan hannun biro ne, 'yar Faranshi, acca za ta cinye shi.

Na ce, Yaya, gero ne ya raine shi, a gwada.

Mama Asabe ta ce, jibi da hantsi. Mun yarda.

Dakan acca ba dakan gero ba ne. Ƙwayar ƙanana ce kamar yashi, bugun farko da na yi irin na gida rabinta ya watse waje, kaji suka yi biki. Suka nuna mini yadda ake sassauta hannu, a bar taɓarya ta faɗa da nauyinta. Da na kama, sai jinin Kona ya motsa. Na shiga lugude da mata biyu, na cilla taɓarya sama na tafa na cafe, na sake cillawa na tafa sau biyu. Wadda ta ce hannun biro ne ta riƙe baki. Daga wannan gida aka ja ni zuwa wancan. Kafin la'asar tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, Mama Asabe ta shafa mini man kaɗe tana faɗa, ta ce ita haihuwa take karɓa, ba gyaran masu taurin kai ba. Ban taɓa jin daɗin ciwo irin na ranar ba.

Da hantsin ya yi na binne ƙafafun na'urar a tsakiyar filin, na daidaita ta, na ja waya na koma nesa na zauna. Aka buga ƙararrawar majami'a. Injin niƙa ya mutu. Turame suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, na kusa, na nesa, har ya rage guda can baya, ya yi dum ɗinsa ya tsaya. Ban taɓa sanin gari na da nauyi a kunne ba sai da aka sauke shi. Na ji iska na bin ciyawa a kan dutse. Na ji kurciya. Layin da ke allon ya yi ta raguwa har ya koma kamar zaren da aka ja daga bakin zane, yana ɗan rawa shi kaɗai. Ƙasar ce da kanta, ba ƙafar kowa a kai. Na ɗaga ido na hango mata tsaye a ƙofofin gidajensu, hannu a naɗe, ba mai motsi, har goyo an rufe masa baki da nono. Na riƙe numfashi kamar nawa ma zai ɓata aikin.

Da awon ya cika na ɗaga mayafi, Malam Isufu ya kaɗa hula, ƙararrawa ta sake bugawa. Gari ya dawo gaba ɗaya, har da guɗa.

Farfesa ya zauna da awon har yamma, ya gwada shi da na ƙetare, ya sa aka haƙa ɗan rami a gefen filin don ya gani da idonsa. Sannan ya tara mutane ya ce dutse na kusa a filin cikin gari, ƙasar da ke kansa ba ta da kauri. Tsohon ɗakin ya tsage ne domin a kan tsohon kwazazzabon da aka cike aka gina shi. Ya ce filin ya yi, amma da sharaɗi, a ɗaure ginin da ƙarfe a gindi da sama, domin ƙasa mai kyau ba ta ceton gini marar ɗauri. Da zai rufe ordinatar ya ce da ni, ba tare da ya ɗago ba, tun da ya fara aikin nan bai samu awo mai tsabta haka a tsakiyar gari ba. Malam Isufu ya ce, ɗiyata ce, mu mutanen gero haka muke. Ya maimaita wannan maganar a kowace tasha har Tasawa.

Na dawo da citta da acca da tabon hannu. Baba ya juya tafin nawa ya duba, ya ce ashe dai noma na je. Inna ta dafa accar, ta ce ba laifi, amma ba za ta riƙe mai huɗa ba.

An daɗe, har na gama jami'a, wata rana ina Urafane wurin bikin wata ƙawata Mama Asabe ta kira ni a waya. Ta ce an yi rufi, an sa ƙofofi, har an fara haihuwa a ciki. Muka yi ta murna. Sai ta ce akwai abin da ba su faɗa mini ba lokacin, don kada in fasa. A garinsu turame ba sa yin shiru gaba ɗaya da rana sai babban mutum ya rasu. Ta ce mu masu bi ne, 'yata, amma abin da ka tarar a gidanku ba ya fita daga ƙirji da sauƙi. Ranar, mutanen da ke zaune a kan dutse sun ji shirun, sun sauko da kuka don yin gaisuwar mutuwa, sai da aka tare su a hanya aka zaunar da su har aka buga ƙararrawa.

Na tambaye ta abin da Kaka ta faɗa da yarensu a wurin zumunta.

Ta ce, cewa ta yi, in mutuwa ta ji shirun ta zaci kiranta ake, ni za ta fara tararwa, ni ce babba. Gara ta ɗauke ni da a ce jikokina su haihu a bakin rafi. Kuma da aka buga ƙararrawar farko, Kaka ce ta fara ajiye taɓarya.